Na Ce Masa Na Ƙone Fastar, Yanzu Jikata Ta Sa Hannunsa Yana Motsi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da yara, maza da mata. Ina gaishe ku da gida, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙurin zaman ƙasar nan tamu. Don Allah ku ba ni shawara. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, karatun allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Maƙwabciyata mai aikin asibiti ce take rubuta muku wannan a wayarta, ina faɗa tana dannawa, ita ce ta gaya mini akwai wurin da mutum zai zube abin da ke cikinsa ba tare da an ga fuskarsa ba. Na roƙi admin ya ɓoye sunana, sunayen da za ku ji a ciki ma na sauya su. In na yi ta zagaye ku yi haƙuri da ni.

Wata tara ke nan da rasuwar maigidana. Na yi takaba na fita. Mutane suna zuwa su ce sannu da haƙuri, suna yabon dauriyata, ba su san ba dauriya ba ce, ba na jin komai ne kawai. In an ba ni abinci in ci, in an kira salla in tashi, in dawo in zauna bakin ƙofa ina kallon kaji har inuwa ta juya. Baƙin cikin yana nan, ban ɓoye wa kowa ba, na rasa mutumin da na zauna da shi sama da shekara arba'in. Amma yana nan ne kamar ƙafar da ta sage don dogon zama, kana ganinta, ka san taka ce, ka mintsine ta ba ka ji. Tun rasuwarsa ko me aka tambaye ni sai in ce to. Wannan to ɗin ce ta jawo mini abin da nake ciki.

Mu mutanen wani ƙauye ne ta wajen Gidan Goga, ƙasar Maradun. Maigidana mahauci ne, gadon gidansu, kuma kun san mahauta da dambe. Da ƙuruciyarsa ɗan dambe ne da ake jin sunansa, bahago ne, hannun hagu yake naɗe wa kara, igiyar nan ta hannun duka. Lokacin an sa mana rana amma ba a ɗaura ba, ina budurwa ina tallar gyaɗa. Wata kaka, bayan an kai amfanin gona gida, wani attajiri ya shirya dambe a Bakura, ya haɗa shi da wani ɗan garin da zan kira Dogo. Attajirin ya kawo mai hoto ya ɗauke su suna fuskantar juna, kafin su naɗa kara, hannuwansu haka tsirara, aka kai birni aka buga fasta aka manna a tasha da bakin kasuwa. Sabon abu ne a lokacin, mutane har taruwa suke yi suna kallo. Ni kuwa da na ga ba mai kallona sai na ɓamɓare guda na ninke na tura cikin zanena. Ban iya karanta ko harafi ɗaya na jikinta ba, har yau ban iya ba, fuskarsa nake so.

Na bi ayarin 'yan talla na garinmu muka je Bakura, don haka da idona na gani. A turmi na biyu ya sami Dogo a gefen kunnen dama. Dogo ya faɗi, makaɗa suka ruɗe, aka ɗaga maigidana sama, sai aka lura Dogo bai tashi ba. Ya tashi daga baya, Allah ya yi da sauran kwana, amma kunnen ya mutu, bakinsa ya karkace, ya daɗe bai iya tsayuwa sosai ba. Ranar nan maigidana ya warware kararsa, bai sake naɗawa ba har ya koma ga Allah. Layun da ke damtsensa ya cire ya kai wa malami. Ya bi tasha da kasuwa da kansa yana yage fastocin. Daga nan duk ranar da ya je cin kasuwar Bakura sai ya kai wa Dogo ƙullin nama, har suka zama aminai, abin da mutane suka yi ta mamaki.

To ga laifina, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina amarya, wata biyu da tarewa, ya zo neman wani abu cikin jerena sai ya ga fastar a ƙarƙashin kwalla. Bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne. Ya riƙe ta, ya ce, “Ki ƙone wagga takarda. Ban son ɗiyana su gan ni haka.” Na ce to. Da ya fita na yago takardar buhun siminti na sa a murhu, da ya dawo na nuna masa toka. Ya ce Allah ya yi mini albarka. Albarkar nan da ya sa mini a kan ƙarya ita ce ta tsaya mini a rai yanzu. Sau da yawa ina jin shi yana ba yara labari, yana ce musu ko hotonsa na dambe babu a duniya, uwarku ta ƙone na ƙarshe. Ina zaune ina tankaɗe, ban ɗaga kai ba.

Da 'yan bindiga suka matsa mana, bayan sun kashe ɗana na biyu a hanyar gona, muka baro ƙauye muka dawo Talata Mafara. Abin da muka fito da shi bai cika bayan mashin biyu ba, amma fastar tana ciki, na naɗe ta a leda na sa ƙasan kwallar nan. Muka taho da 'yar marigayin, jikata Balki, don uwarta ta yi wani aure. Yarinyar nan a gabanta aka shigo da gawar ubanta, tun ranar ta zama shiru-shiru, sai ka yi mata magana uku ta amsa ɗaya. Kakanta ne kaɗai yake sa ta dariya. Sai kuma shi ma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, kuma ɓarin hagu ne. Shekara biyu ina wanke hannun nan, ina ɗaga shi ina ajiyewa kamar tsumma. Yakan dube shi ya ce da shi aka yi ɓarna, shi Allah ya fara karɓa. Abin da ya fi damuna bayan rasuwarsa, in na rufe ido ina neman fuskarsa ba na samun komai sai ta jinya, da hannun nan a kwance kan tabarma.

Balki tana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar 'yan mata a nan Mafara. Zangon nan malamarsu ta kwamfuta ta ba su wani aiki. Yadda Balki ta yi mini bayani, malama ta raba su huɗu-huɗu don kwamfutocin ba su da yawa, ta kawo musu hotunan tsofaffin fastocin wasanni, na ƙwallo da na tsere, yawanci na ƙasashen waje. Kowane rukuni zai ɗauki ɗaya ya rarraba ta, rubutu daban, mutum daban, ƙwallo daban, sannan su sa su motsi da abin nan na cikin kwamfuta da malamai suke jera darasi shafi-shafi su haska a bango. Rubutu ya shigo da kansa, mai gudu ya yi gudu, ƙwallo ta tashi, su kuma su tsaya su ba da tarihin wasan. Malama ta ce duk rukunin da ya samo fasta ta gida, ta ƙasarmu, shi ne gwani. Ita kuwa Balki ta taɓa ganin tawa ranar da muke shanya kaya bayan sadakar arba'in. Ta zo ta durƙusa ta ce, “Kaka, ara mini tsohon saurayin nan naki na cikin kwalla, zan dawo miki da shi.” Ba ta san zancen ƙonawa ba, tana ƙarama lokacin da yake ba da labarin. Na ce to. Wallahi ban yi tunanin komai ba, da ta ce in ba ta kwallar ma da na ba ta.

Bayan sati biyu ta shigo da la'asar da wayar wannan maƙwabciyar tawa, malama ta turo aikin a ciki. Ta zauna jikina ta danna. Sai ga kiɗan kalangu, sai rubutu ya riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya, sai ga su su biyu sun matso juna. Sun yanke hannunsa daga hoton sun zana masa kara, yana ɗagawa yana kai duka. Na yi zaton zan firgita, ban firgita ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Ba da wannan hannun ba. Bahago ne.” Sun naɗa masa kara a dama, don a hoton ba wanda ya naɗa, kuma su yaran yanzu ina suka san dambe. Balki ta dafe kai ta ce sun shiga uku, malama ta ce duk wanda ya ɓata tarihi ya faɗi. Washegari ta dawo da saƙo, malama tana roƙon in zo makaranta ranar Asabar in nuna musu yadda abin yake. Na ce to.

Ban taɓa shiga aji ba a rayuwata sai ranar. Aka ba ni kujera a gaba, 'yan mata sun cika ɗakin, har waɗanda ba rukuninsu ba. Malama ta sa aka rufe tagogi, ta kunna na'urar haskawa, sai ga maigidana a jikin bango, tsayinsa na gaske, ƙirji a buɗe, yana ɗan shekara ashirin da wani abu. Na daɗe ina kallo. Malama ta ce, “Inna, yaya yake tsayuwa?” Na fara faɗa da baki ba su gane ba, ban san lokacin da na miƙe ba. Na tura hannun dama gaba a buɗe, shi ne garkuwa, na mai da hagu baya can ƙasa wajen cinya, na ja ƙafa, na sauke kafaɗa. Tsohuwa da hijabi har ƙasa. Ajin ya kaure da dariya, wata ta ce, “Kaka, ashe ke ce 'yar damben, shi rakiya ya yi!” Wata ta ce daga yau ba mai taɓa Balki a makarantar nan. Balki tana dariya har da riƙe ciki, rabon da in ji wannan dariyar tun kakanta yana da rai.

Suka goge karar dama suka mai da ita hagu. Akwai wani layi da suke ja a kan hoton, hanyar da hannu zai bi, sai su danna ya bi ta. Na farko na ce a'a, daga sama kuka kawo shi, shi daga ƙasa yake tasowa ya lanƙwaso. Na biyu na ce ya yi sanyi, wannan ai mari ne. Balki ta rage wani abu ta ƙara wani abu, ta ce da ƙawarta ta jinkirta hannun, kafaɗar ta fara sauka. Muka yi ta yi har azahar ta gabato, ina cewa a'a, suna gyarawa, ba su gaji ba ban gaji ba. Can ta danna, kafaɗa ta sauka, hannun ya taso ya lanƙwaso ya sauka a kunnen Dogo na dama, daidai wurin, daidai saurin. Na ce shi ke nan, haka ne. Wata yarinya ta ce, “Sai me ya faru, Kaka?” Na ce sai ya faɗi. Nan take suka karkatar da hoton Dogo suka sa shi ya kwanta. Aka tafa. Ban gaya musu abin da ya biyo bayan faɗuwar ba. Hannun da na shekara biyu ina ɗagawa ina ajiyewa, ga shi yana tashi da kansa a bango, wani abu ya tsaga mini ƙirji, na nemi kuka bai zo ba. Ku lura, da ban buɗe baki ba da aikin yara ne kawai, wani mutum yana wasa da hannun dama. Ni na gyara shi da kaina har ya zama ranar nan sak.

Rukunin su Balki ya zo na ɗaya. Sai ga malama har gida, mace mai ladabi, ta cire takalmi tun daga zaure. Ta ce an zaɓi aikin za a kai shi gasar makarantun shiyya da za a yi ranar Asabar mai zuwa, kuma a Bakura za a yi, gaban iyaye da manyan gari. Ta ce amma wannan ba hoton baƙi ba ne, mutanenmu ne masu iyali, ba za ta haska shi a bainar jama'a ba sai iyalan duka biyun sun yarda. Ta ajiye takarda mai gurbi biyu, ɗaya namu ɗaya na gidan Dogo, ta ce tunda ba na rubutu dangwala yatsa ya isa. A nan ne karo na farko cikin wata tara da aka nemi abu a wurina ban ce to ba. Na ce ta ba ni kwana biyu.

Kafin kwana biyun labari ya kai kunnen babban ɗana, baffan Balki, shi ne ya gaji teburin ubansa a kasuwa. Ya zo ya gaishe ni ya zauna nesa, ya ce, “Inna, takardar da Baba yac ce an ƙone, wace ce kuma wagga?” Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kira ba, ban saba haɗa ido da shi ba balle in tsaya ina kare kaina a gabansa. Na juya ina kallon bango. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ubansa ya tuba, ya riƙe tubarsa shekara arba'in, mutanen Mafara ba su san shi da komai ba sai sahun gaba a masallaci da gaskiyar awo, yanzu da ba ya iya magana za a ɗauko abin da ya fi jin kunyarsa a duniya a haska a bango, yara suna tafi. Ya ce abin da mutum ya rufe Allah ya rufa masa, bai kamata iyalinsa su buɗe ba. Ya ce a goge na kwamfuta a ƙone takardar, in ba zan iya ba shi zai yi. Ya ce ni uwa ce ba zai tsallake maganata ba, amma in na dangwala in sani da sanina na yi. Tun ranar yana aiko cefane, yana gaishe ni daga bakin ƙofa, bai sake zama ya ci tuwona ba. Kuma ban ga ƙarya cikin maganarsa ba.

Balki tana ɗaki tana jin komai. Da ya tafi ta fito ta ce, “Kaka, in kin ce a goge sai a goge, dannawa ɗaya ce.” Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba. Ta koma shirun nan nata na da. Ƙawayenta uku sun zo sau biyu suna leƙe, ta ce a ce musu ba ta jin daɗi.

Na ce a raina bari in je Bakura, in Dogo ya ƙi shi ke nan, an hutar da ni, ba ni na hana ba. Da wannan niyyar na tafi, ba zan ɓoye muku ba. Muka shiga motar safe ni da Balki, da aron wayar. Muka same shi a zaure kan buzu, ya tsufa ƙwarai, sai an matsa kunnen hagu an ɗaga murya. Da ya gane ni ya ce, “Matar Bahago! Tun da abokina ya tahi ba wanda ya tuna ina da haƙoran cin nama.” Matarsa ta ce haƙoran guda nawa suka rage. Muka gaisa, muka yi wa mamaci addu'a, na kwashe komai na faɗa masa da ƙarfi, har ƙaryar da na yi, duk unguwa na ji. Balki ta durƙusa ta riƙe masa wayar. Tun farko, kafin a kai duka, ya ce ta tsaya. Ya kawo fuskarsa kusa ya ce, “Wane ne wannan dogon?” Ta ce, “Kai ne, Baba.” Ya ƙura wa hoton ido. Ashe ba shi da hoto ko ɗaya na kafin ranar. Matarsa, wadda bayan abin ya faru ta aure shi, ta leƙo ta ce, “Ikon Allah, ashe bakinka ya taɓa zama daidai.” Ya ce, “Da kin gan ni sannan ko layi ba ki samu.”

Sannan ya ce a bar shi ya ci gaba. Da hannun ya sauka sai da ya kauce da kansa, a zaune. Na ce a raina yau na gama zubar da mutuncina. Sai ya fashe da dariya ya ce a maimaita. Sau huɗu ya kalla. Ya ce, “Hakanan na, wallahi hakanan na. Ta sama nike jiran shi, ya biyo ta ƙasa. Wa ya gwada ma yaran ga?” Na ce ni ce. Ya ce ashe ba gyaɗa nake sayarwa ba ranar, kallo na zo. Daga nan fuskarsa ta sauya. Ya ce ya gaya wa abokinsa ya fi sau ɗari ya yafe, da ƙafarsa ya shiga fage, da nasa hannun ya riga isa da abokin ne kurman. Ya ce abokinsa mutumin kirki ne amma ya ƙi yafe wa kansa, kuma garin haka ya mai da shi Dogon abin tausayi, duk zuwa da ƙullin nama da sunkuyar da kai, bai taɓa yarda sun yi hirar dambe ba ko sau ɗaya. Ya ce yaran Bakura ba su san shi da komai ba sai tsoho kurma mai karkataccen baki, har jikokinsa in ya ce ya yi dambe dariya suke yi. Ya ce a nuna, kuma a sa masa kujera a gaba. Ya sa aka nemo tawada a shagon maƙwabci ya dangwala nasa a takardar malama a gabana.

Na dawo da nauyin da ya fi wanda na tafi da shi. Malama da ta ji ta kawo dabara, ta ce za a iya tsai da hoton kafin dukan, su matso juna kawai a tsaya nan. Na aika wa ɗana, ya ce ba dukan kaɗai ubansa ya hana ba, takardar ya ce a ƙone. Aka aika wa Dogo, ya ce in an cire dukan a cire shi, shi ba rawa ya je yi Bakura ba, a hannun namiji ya faɗi kuma ba ya jin kunya. Na so in tambayi limamin unguwarmu, amma aminin marigayi ne, shi ya yi masa salla, ban iya zama gabansa in ce shekara arba'in ina yi wa abokinsa ƙarya ba.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa ko ɗayansu ba, sai yanzu da wannan baiwar Allah take rubutawa. Kullum in ta dawo daga aiki sai in aika a karɓo mini wayarta, in shiga ɗaki in sa a kunna mini. Ba na kuka, ba na murna, ina kallo ne kawai, amma in ya ƙare ina iya rufe ido in ga fuskarsa ta lafiya na ɗan lokaci kafin ta jinyar ta dawo. Don haka in na ce don Balki nake jinkiri, ko don Dogo, ban sani ba ko gaskiya nake faɗa. Wataƙila don kaina ne, kamar yadda don kaina na ɓoye takardar tun farko. Shi kuma abu ɗaya tak ya taɓa roƙona, bai taɓa hana ni zuwa unguwa ba, bai taɓa zagina ba, abu ɗayan nan ne, na ce to, ban yi ba. Na tsufa, ba da daɗewa ba zan bi shi. Ban san da wace fuska zan ce masa ban ƙone ba, kuma na kai ta Bakura na haska ba.

Jama'a, ga inda nake. In na hana, na cika wa mamaci maganarsa a makare, ɗana ya dawo ya ci tuwona, amma yarinyar da ta fara ɗaga kai za ta sake sunkuyar da shi, ita da ƙawayenta da ba su san hawa ba, kuma tsohon da aka yi wa raunin, wanda shi ne mai haƙƙin, zan hana shi abu ɗaya da ya nema. Ya riga ya sa an wanke masa babbar riga. In na yarda, na saɓa wa maigidana sau biyu, na farko a ɓoye na biyu a gaban jama'a. Masu ilimi a cikinku ku gaya mini, maganar da mutum ya yi yana saurayi cikin zafin nadama tana nan daram bayan wanda aka cuta ya ce ya yafe kuma shi yake so a nuna? Ko kuwa haƙƙin miji daban ne, yafewar Dogo ba ta shafe shi? Waɗanda suka rasa miji ko mata kuma, ku kun san abin da ban iya faɗa ba, ku ma ku yi magana.

Kwana biyun da na nema sun wuce, ranar Alhamis da hantsi malama za ta aiko a karɓi takardar. Yatsan Dogo yana kai, gurbina yana ƙasansa ba komai. Maƙwabciyata ta ce za ta karanta mini duk abin da kuka rubuta, har masu zafin, na ce kada ta tsallake ko ɗaya. Kada ku ce mini in yi haƙuri, an faɗa mini ya isa. Ku gaya mini abu ɗaya don girman Allah, in dangwala, ko in mayar wa malama da takardarta yadda ta kawo?